Yadda jijiyoyin saƙo ke sarrafa ma'aunan iskar jini a jikin dabbobi

Tambaya daga wani ɗalibin likitancin dabbobi: "An koya mana cewa ƙullutun karotid da ke wuya yana auna iskar oksijin a cikin jini, ya aika wa ƙwaƙwalwa rahoto. Amma na ga an ce akwai wasu jijiyoyin saƙo da ke shiga cikinsa da umarni daga waje. Mene ne aikinsu, kuma shin suna iya canza abin da yake gaya wa ƙwaƙwalwa?"

Amsa: E, suna iya canza shi, kuma an tabbatar da haka a jikin kyanwa tun farkon shekarun 1950. Ƙullutun karotid yana karɓar jijiyoyi iri biyu masu kawo masa umarni. Na farko daga tsarin simfatetik yake fitowa, wato tsarin da ke tashi idan dabba ta firgita ko ta zubar da jini, kuma galibi ƙara yawan rahoton yake yi. Na biyu yana tafiya ne a cikin jijiyar nan da ke kai rahoto, amma shi aikinsa ragewa ne. Bayan waɗannan biyu, ita kanta ƙwaƙwalwa tana da ikon karɓar rahoton ko danne shi, gwargwadon lokacin da ya iso mata. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara fahimtar yadda ƙullutun yake, domin rabin amsarka tana cikin tsarin jijiyoyin jininsa.

Ƙullutun yana zaune a kowane gefe na wuya, a wurin da babbar jijiyar jini ta karotid take rabuwa. A jikin mutum tsawonsa bai wuce 'yan milimita ba, a jikin kyanwa kuwa nauyinsa bai wuce miligiram 2 ba. Kai da za ka neme shi a wuyan tunkiya ko akuya ko saniya, ka sani cewa a waɗannan dabbobi reshen karotid na ciki yana shanyewa yayin da dabba ke girma, saboda haka ba za ka ga rabuwa biyu sak irin ta littafin likitancin mutane ba. Ka neme shi kusa da gindin reshen da ke tafiya ƙeya, a lulluɓe cikin kitse da zaruruwan nama, da ɗan launin ja mai duhu. Akwai kuma 'yan'uwansa ƙanana da ke warwatse a kan babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya, waɗanda Julius Comroe ya bayyana aikinsu a jikin karnuka a 1939. Rahoton ƙullutun wuya yana bin wata siririyar jijiya da ake kira da sunan Heinrich Hering, ta shiga jijiya ta tara daga cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, yayin da rahoton na ƙirji ke bin ta goma, wato vagus. Dukansu suna sauka ne wuri ɗaya a ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ake tsara numfashi da bugun zuciya.

Abin da ya bambanta wannan ɗan nama da sauran sassan jiki shi ne yawan jinin da ke ratsa shi. A 1954 Michael de Burgh Daly da abokan aikinsa sun auna shi a kyanwa, kuma idan aka lissafa bisa nauyi, ya kai kimanin lita 2 a minti ɗaya ga kowane giram 100 na nama. Ƙwaƙwalwa, duk da buƙatarta, tana samun kimanin mililita 50 ne a wannan ma'auni. Saboda wannan yalwa, jinin da ya shiga ƙullutun yana fita kusan yadda ya shiga, ƙwayoyin halittar da ke ciki kuma suna biyan buƙatarsu da ɗan oksijin da ke narke a ruwan jini. Shi ya sa abin da suke aunawa shi ne matsin wannan oksijin da ke narke a ruwan jini, ba yawan wanda himogulobin, sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ke ɗauke da shi ba. A dabba mai lafiya wannan matsi yana kusa da milimita 95 zuwa 100 a ma'aunin zaiba, kuma a wannan hali saƙon da ke fita kaɗan ne, jefi-jefi. Idan ya faɗi ƙasa da 60 sai saƙon ya yi tashin gwauron zabi. Ƙaruwar kabon dayoksaid da tsamin jini su ma suna tayar da shi, kuma idan suka haɗu da ƙarancin oksijin, tasirinsu ninkawa yake yi, ba tarawa kawai ba.

Wannan bayani yana da sakamako da muke gani a ƙasarmu. Saniyar da sammore ya cinye wa jini, ko akuyar da tsutsar ciki ta bari da fararen idanu, ƙullutunta na wuya ba ya ɗaga murya yadda za ka zata, domin matsin oksijin a ruwan jininta bai ragu ba. Haka nan hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki: iskar kabon monoksaid tana kama himogulobin, amma ba ta taɓa matsin oksijin, don haka mutum ko dabba ba ya jin shaƙewar da za ta tashe shi daga barci. Binciken Sukhamay Lahiri a Amurka ya nuna cewa ƙullutan ƙirji sun fi na wuya jin irin wannan ƙaranci, domin jinin da ke ratsa su bai kai na wuya yawa ba, sai dai ikonsu a kan numfashi ƙarami ne. Ka riƙe wannan dangantaka tsakanin gudun jini da abin da ake aunawa, domin a kanta jijiyoyin simfatetik suke aikinsu.

A cikin ƙullutun akwai ƙwayoyi iri biyu. Ƙwayoyin gulomus su ne masu ji, suna zaune rukuni-rukuni a jikin ƙananan jijiyoyin jini, wasu ƙwayoyin kuma suna nannaɗe da su suna tallafa musu. Idan oksijin ya ragu, ƙofofin fotashiyam da ke bangon ƙwayar gulomus suna rufewa, lantarkin bangon ya canza, kalsiyam ya kwarara ciki, sai ƙwayar ta saki sinadaran da ke tayar da bakin jijiyar rahoto. José López-Barneo da abokan aikinsa a Sifaniya ne suka fara nuna irin waɗannan ƙofofi a 1988, a ƙwayoyin zomo. Manyan sinadaran da ke tayar da jijiyar su ne ATP da asetilkolin, kamar yadda Colin Nurse ya nuna a Jami'ar McMaster ta Kanada da ƙwayoyin ɓera. Tare da su ƙwayar tana sakin dofamin mai yawa, wanda za mu koma kansa.

Tambayarka ta taɓa wata tsohuwar gardama, kuma sanin ta zai taimake ka wajen karanta tsofaffin littattafai. An san da ƙullutun tun 1743, lokacin da wani ɗalibin Albrecht von Haller ya bayyana shi a Jamus, amma an daɗe ana ɗaukarsa curin jijiya ko wata 'yar gland mai fitar da sinadari. Tsakanin 1926 da 1928 Fernando de Castro, a cibiyar Cajal da ke Madrid, ya yanke jijiya ta tara a cikin ƙoƙon kai, sama da curin da ƙwayoyin jijiyoyin rahoto ke zaune, ya ga cewa bakunan jijiya da ke jikin ƙwayoyin gulomus ba su mutu ba. Da a ce daga ƙwaƙwalwa suke zuwa da umarni, da sun lalace. Daga nan ya yanke hukunci cewa ƙullutun mai ɗanɗana jini ne. Corneille Heymans a Beljiyam ya tabbatar da aikin a jikin karnuka, aka ba shi kyautar Nobel ta 1938. Amma a wajen 1970 Tim Biscoe da abokansa suka sake tayar da maganar, domin na'urar hangen ƙananan abubuwa mai amfani da lantarki ta nuna 'yan buhunan sinadari a cikin bakunan jijiyar, irin waɗanda ake gani a jijiyoyin umarni. Sai da aka sake yankan jijiya a wurare daban-daban, aka kuma bi sawun zaruruwan da sinadarai masu alama, sannan aka tabbatar da cewa de Castro ne ke da gaskiya. Donald McDonald da Robert Mitchell sun nuna a 1975, a jikin ɓera, cewa mafi rinjayen bakunan da ke taɓa ƙwayoyin gulomus na rahoto ne, na umarni kaɗan ne ƙwarai. Ma'anar haka ita ce akasarin jijiyoyin umarni ba kan ƙwayoyin masu ji suke sauka ba, a kan jijiyoyin jini suke sauka.

Mu zo kan simfatetik. Zaruruwansa suna fitowa ne daga curin jijiya na saman wuya, wanda ke kwance dab da ƙullutun, su shiga ta wasu gajerun rassa. Suna ƙarewa a jikin tsokar ƙananan jijiyoyin jini, inda suke sakin noradirenalin, jijiyoyin jinin su tsuke. Da zarar gudun jini ya ragu, yalwar nan da na ambata ta kau, ƙwayoyin da ke cin oksijin da sauri sai su rage matsinsa a kewayensu, su kuma aika da rahoton ƙaranci, alhali jinin da ke cikin babbar jijiyar karotid cike yake da oksijin. A 1952 W. F. Floyd da Eric Neil a Landan sun kunna wa waɗannan zaruruwa lantarki a jikin kyanwa, suka ga saƙon da ke bin jijiyar Hering ya ƙaru. Shekara ɗaya kafin haka Landgren da Neil sun nuna cewa idan aka zubar wa kyanwa da jini, saƙon yana ƙaruwa matuƙa ko da huhu na aikinsa daidai. Faɗuwar matsin jini tana da hannu a wannan, tsukewar da simfatetik ke jawowa ita ma tana da hannu, domin idan aka yanke zaruruwan a wannan hali saƙon yana raguwa.

Ina ganin wannan ɗaya ne daga cikin wuraren da tsarin jiki ya fi burge mai nazari. Dabbar da ke zubar da jini tana buƙatar jijiyoyin jinin jikinta su tsuke domin a tsare wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da ya rage. Ma'aunan matsin jini, waɗanda ke maƙwabtaka da ƙullutun, suna daina aika saƙo idan matsin ya faɗi ƙasa da wani mataki, daga nan kuma ba su da sauran abin da za su ƙara. A daidai wannan mataki ƙullutun yake karɓar aikin: simfatetik ya matse masa jini, shi kuma ya tayar da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta ƙara kunna simfatetik a duk jiki. Gwaje-gwajen Neil sun nuna cewa idan aka yanke jijiyoyin rahoto a jikin kyanwar da ta riga ta zubar da jini, matsin jininta yana ƙara faɗuwa. Saurin numfashin da za ka gani a dabbar da ta yi zubar jini bayan haihuwa ko bayan rauni, wani ɓangarensa daga nan yake.

Sai dai kada ka ɗauka cewa simfatetik ƙari kawai yake yi a kowane hali. Ronan O'Regan a Ailan ya ga cewa a jikin kyanwa wasu zaruruwan rahoto suna ƙara gudu idan aka kunna simfatetik, wasu ba sa motsawa, wasu kuma raguwa suke yi. Dalili shi ne noradirenalin yana da wuraren sauka fiye da ɗaya. A kan tsokar jijiyar jini yana jawo tsukewa, wadda ke ƙara saƙo, amma a kan ƙwayoyin gulomus akwai masu karɓarsa irin alfa-2, waɗanda ke rage sakin sinadari. A jikin akuya wannan ɓangare na ragewa ya fito fili sosai a binciken da Gerald Bisgard ya jagoranta a Jami'ar Wisconsin. Don haka abin da aka gani a kyanwa ba a ɗora shi kan akuya kai tsaye, kuma wannan gargaɗi ne da ya kamata likitan dabbobi ya riƙe fiye da kowa.

Hanya ta biyu ita ce ta cikin jijiyar Hering, kuma a nan ne aikin ya fi wahalar ganowa, domin zaruruwan umarni da na rahoto suna cakuɗe cikin jijiya ɗaya wadda kaurinta bai kai na zaren ɗinki mai kauri ba. Ga yadda ake yin gwajin. Bayan an sa wa kyanwa maganin barci, ana buɗe wuya, a zuba man farafin mai ɗumi a wurin don kada jijiyar ta bushe, sannan a yanke ta kusa da inda take haɗuwa da jijiya ta tara. Daga guntun da ya rage a jikin ƙullutun, mai bincike yana tsage wani siririn zare da allura a ƙarƙashin madubin hange, ya ɗora shi a kan wayoyi biyu da ke haɗe da lasifika, har sai ya ji ƙarar zare ɗaya tak yana ƙas-ƙas, wanda ke ƙara sauri idan aka rage wa dabbar oksijin. Sauran jijiyar kuma sai a kunna mata lantarki, saƙo ya gangara zuwa ƙullutun. Abin da Neil da O'Regan suka ji, kuma suka wallafa a 1971, shi ne cewa ƙarar tana yin ƙasa muddin lantarkin na kunne, ta dawo bayan an kashe. Kafin haka, a 1968, Biscoe da Sampson sun saurari ɗaya guntun, wanda ke haɗe da ƙwaƙwalwa, suka ji cewa akwai saƙonni da ke gangarowa da kansu, iri biyu: wasu masu tafiya da kiɗan numfashi, waɗanda asalinsu simfatetik ne, da wasu marasa tsari waɗanda ba nasa ba ne. An kuma ga cewa waɗannan na biyu suna ƙaruwa idan oksijin ya ragu. Wato a daidai lokacin da ƙullutun ke ƙoƙarin ɗaga murya, a lokacin ake ƙara ja masa linzami.

An yi wa wannan gwaji suka mai ma'ana. Lantarkin da aka kunna wa jijiyar ba ya zaɓe, yana tayar da zaruruwan rahoto su ma, saƙo ya bi su ta baya zuwa ƙullutun, kuma wannan kaɗai zai iya rage gudunsu na ɗan lokaci. Gardamar ba ta kwanta ba sai a shekarun 1990, lokacin da Wang da Stensaas da Dinger da Fidone a Jami'ar Utah suka gano zaruruwan da kansu. Sun nuna cewa akwai wata saƙa ta zaruruwa a cikin ƙullutun masu ɗauke da sinadarin da ke ƙera iskar naitirik oksaid. Wasunsu suna kewaye jijiyoyin jini, wasu suna kewaye rukunan ƙwayoyin gulomus. A wannan zamani kuma Nanduri Prabhakar ya nuna cewa naitirik oksaid yana rage saƙon ƙullutun, idan kuma aka hana ƙera shi da magani saƙon yana ƙaruwa. Aikinsa ta fuska biyu ne: yana buɗe jijiyoyin jini, gudun jini ya ƙaru, matsin oksijin a kewayen ƙwayoyin ya ɗaga, sannan yana shiga ƙwayar gulomus kai tsaye ya rage shigar kalsiyam.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne inda ƙwayoyin waɗannan zaruruwa suke zaune. Da yawansu ba a cikin ƙwaƙwalwa suke ba, a warwatse suke cikin jijiya ta tara da jijiyar Hering, a 'yan ƙananan curi waɗanda de Castro ya riga ya zana tun a shekarun 1920. Verónica Campanucci da Nurse sun ware su daga jikin ɓera a farkon shekarun 2000, suka ga abubuwa biyu. Na farko, su kansu suna jin ƙarancin oksijin, suna kuma ƙara aiki idan ya ragu. Na biyu, ATP yana tayar da su, kuma ATP shi ne sinadarin da ƙwayoyin gulomus ke saki idan suna kai rahoto. Saboda haka ƙullutun da kansa yake jawo wa kansa ragi: yawan abin da ya saki, yawan naitirik oksaid da zai dawo masa. Wannan zagaye yana iya gudana a wuya ba tare da an jira umarnin ƙwaƙwalwa ba.

Dofamin yana yin irin wannan aiki daga ciki. Ƙwayar gulomus tana sakinsa tare da ATP, ya sauka a kan masu karɓarsa irin D2 da ke jikin ƙwayar kanta da kuma bakin jijiyar rahoto, ya rage ci gaba da sakin. A kyanwa da ɓera da akuya da mutum, idan aka ba da dofamin ta jijiyar jini numfashi yana raguwa, idan kuma aka ba da domferidon, wanda ke toshe D2 ba tare da ya shiga ƙwaƙwalwa sosai ba, numfashi yana ƙaruwa.

Ikon ƙwaƙwalwa a kan rahoton bayan ya iso mata shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi mantawa da shi, ga shi kuwa ya fi sauran shafar aikin asibiti. Black da Torrance a Oxford sun nuna a 1971 cewa idan aka tayar da ƙullutun na ɗan ƙiftawar ido a lokacin da dabba ke jan numfashi, jan yana ƙara zurfi, amma idan wannan tayarwa ta faɗo a lokacin fitar da numfashi, ba ta jawo sabon ja, sai dai ta tsawaita fitarwar. Saƙo ɗaya ne, sakamako biyu. A kan zuciya abin ya fi haka. Daly da Scott sun nuna a jikin karnuka a 1958 cewa ainihin abin da rahoton ƙullutun ke yi wa zuciya shi ne rage mata gudu ta hanyar vagus. Dalilin da ya sa muke ganin saurin bugu a dabbar da ke fama da ƙarancin oksijin shi ne tana numfashi da ƙarfi, buɗewar huhu kuma tana aika nata saƙon da ke danne wancan ragi. Idan numfashi ya tsaya, babu mai dannewa, sai zuciya ta yi sanyi sosai. Wannan ne ke taimakon agwagwa da dabbobin teku masu shayarwa idan sun nutse cikin ruwa, domin yana tanada musu oksijin. Wannan ne kuma ke iya tsayar da zuciyar kare ko ɗan maraƙi a kan teburin tiyata idan numfashi ya ɗauke ba a lura ba, kuma maganin farko a irin wannan hali shi ne a hura masa iska a huhu.

To, yaya girman tasirin jijiyoyin umarni a dabba mai lafiya? A nan ya kamata a yi adalci. Ƙullutun da aka ciro daga jiki gaba ɗaya, aka sa shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, babu simfatetik, babu ƙwaƙwalwa, yana ci gaba da jin ƙarancin oksijin yana aika saƙo, kamar yadda Carlos Eyzaguirre ya nuna tun farkon shekarun 1960. Akuya kuma, wadda ke sabawa da ƙarancin oksijin cikin awa 4 zuwa 6 ta hanyar ƙara numfashi sannu a hankali, tana yin wannan sabo ko da an yanke wa ƙullutunta zaruruwan simfatetik. Don haka jijiyoyin umarni ba su ne ke ba shi ikon ji ba. Aikinsu daidaita ƙarfin jin ne, su ɗaga shi a lokacin haɗari irin zubar jini, su kuma hana shi wuce gona da iri idan ƙarancin oksijin ya daɗe.

Muhimmancinsu ya fi bayyana idan sun lalace. Harold Schultz a Nebraska ya yi nazarin zomaye masu gazawar zuciya, ya ga cewa ƙullutansu suna aika saƙo mai yawa ko da oksijin na daidai. A cikinsu sinadarin da ke ƙera naitirik oksaid ya ragu, tasirin anjiyotensin, sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini yana ɗaga matsin jini, ya ƙaru, jinin da ke isa wuya kuma ya yi ƙasa. Da aka mayar wa ƙullutun da sinadarin da ya rasa, saƙon ya sauka, aikin simfatetik a jiki ma ya sauka. Julian Paton da abokan aikinsa sun ga makamancin haka a wani jinsin ɓeraye masu gadon hawan jini: a 2012, a Bristol, sun nuna cewa yanke jijiyar Hering a gefe biyu yana rage musu hawan jinin, daga baya kuma suka nuna cewa simfatetik na curin saman wuya yana ƙara wa ƙullutun waɗannan ɓeraye kaifin ji. Zagayen da ke ceton dabba na 'yan awanni a lokacin zubar jini, shi ne ke cutar da ita idan ya ƙi tsayawa wata da watanni, domin simfatetik yana tayar da ƙullutun, ƙullutun yana tayar da simfatetik, zuciya da ƙoda kuma su ne ke ɗaukar nauyin.

A sauran dabbobi tsarin yana nan, wurin zama ne ya bambanta. A tsuntsaye ƙullutan suna can ƙasa a mashigar ƙirji, kuma vagus ce ke ɗaukar rahotonsu. A kifi masu jin suna cikin sassan numfashi da ke gefen kai, suna auna ruwa da jini duka, sinadarin da suka fi tarawa kuma serotonin ne, jijiyoyi na tara da na goma ne ke kai saƙonsu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin karotid na dabbobi masu shayarwa ya samo asali ne daga ɗaya daga cikin jijiyoyin jinin da ke ratsa waɗannan sassa a jikin kifi.

Ga abin da wannan ke nufi gare ka a wurin aiki. Magungunan barci da ake shaƙa, irin su halotan da aisofuluran, suna dushe jin ƙullutun. Knill da Gelb a Kanada sun nuna a 1978 cewa ɗan abin da ke saura a jikin mutum lokacin farfaɗowa ya isa ya raunana martaninsa ga ƙarancin oksijin, an kuma ga halotan yana rage saƙon jijiyar Hering a kyanwa. Saboda haka dabbar da ta fara motsa kunne bayan tiyata ba ta riga ta dawo da wannan kariya ba, kuma ba a barinta kwance ita kaɗai ba mai duba launin dasashinta da harshenta. Dabbar da aka ɗora wa ruwan dofamin don tallafa wa matsin jini ita ma an rage mata wannan ji, sai a ƙara sa ido a kan numfashinta. Doksafiram, wanda ake ba ɗan maraƙi ko ɗan rago da aka haifa bai fara numfashi da kyau ba, a ƙaramin awo ta ƙullutun yake aiki, yana rufe ƙofofin fotashiyam na ƙwayoyin gulomus kamar yadda ƙarancin oksijin ke yi. Yana tayar da numfashi amma ba ya kai oksijin cikin jini, don haka sai an fara share majina daga hanci da baki, an tabbatar iska na shiga huhu, sannan a yi tunanin ba da shi.